Muhawarar Sauya Tuta a Ƙasar Kanada a 1964: Tushenta da Abin da ta Haifar

1.0 Gabatarwa

A tarihin ƙasar Hausa, idan aka ce wane ya karɓo tuta, an san abin da ake nufi, wato ya yi mubaya'a an kuma ba shi izini. Malaman da suka karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, da suka koma garuruwansu, ƙyallen da ke hannunsu ya ishe su bayani a kan ko su wane ne da kuma wanda suke bi. Da wannan ma'ana mai karatu zai fi saurin fahimtar rigimar da ta ɓarke a ƙasar Kanada a shekarar 1964, lokacin da gwamnati ta ƙudurci cire alamar Ingila daga tutar ƙasa. Majalisar Wakilai ta shafe kimanin wata shida a kan wannan batu, aka yi jawabai fiye da 250, babbar jam'iyyar adawa ta dare biyu, kafin a tsayar da tutar nan mai launin ja da fari da ganye ɗaya a tsakiya, wadda duniya ta san Kanada da ita a yau.

Wannan maƙala za ta bi diddigin muhawarar ne domin ta nuna cewa tutar da aka yi da niyyar shawo kan masu magana da Faransanci na lardin Kwibek, ba su ta fi yi wa tasiri ba. Waɗanda ta sauya wa tunani su ne masu magana da Ingilishi, wato mutanen da suka fi kowa ƙin ta tun da farko.

2.0 Ƙasa Ɗaya, Harshe Biyu, Tutar Aro

Faransawa ne Turawan da suka fara kafa gari a bakin kogin Sen Loran, inda suka gina birnin Kwibek a 1608. A 1759 sojojin Ingila suka ci birnin da yaƙi, sannan yarjejeniyar Faris ta 1763 ta miƙa yankin ga Ingila. Mutanen da aka ci ba su watse ba, ba su kuma bar harshensu da ɗariƙarsu ta Katolika ba. Saboda haka lokacin da aka haɗa larduna aka kafa Tarayyar Kanada a 1867, an kafa ta ne da al'ummu biyu masu kallon tutar Ingila da ido daban. A wurin ɗaya tutar gida ce, gadon kakanni. A wurin ɗayar kuwa tutar wanda ya ci su da yaƙi ce.

Sabuwar tarayyar ba ta yi wa kanta tuta ba. Tutar Ingila, wadda ake kira Yuniyan Jak, ita ce ta hukuma. A gefe guda kuma akwai wata wadda a nan za a riƙa kiran ta Jar Tuta: jan ƙyalle ne mai ɗauke da tutar Ingila a kusurwar sama ta wajen sanda, da tambarin Kanada a ɗaya ɓangaren. Asalinta tutar jiragen ruwan 'yan kasuwa ce, kuma a 1892 ne hukumar sojan ruwan Ingila ta ba jiragen Kanada izinin ɗaga ta. Sannu a hankali ta hau tudu. A 1924 aka yarda a riƙa kafa ta a gine-ginen gwamnatin Kanada da ke ƙasashen waje, a 1945 kuma aka ba da umarnin kafa ta a gine-ginen gwamnati na cikin gida, har da na majalisa, kafin lokacin da majalisa za ta tsayar da tutar ƙasa. Wato dai ko a takarda, zaman riƙon ƙwarya take yi.

Firayim Minista Mackenzie King ya taɓa batun har sau biyu, kuma duk sau biyun ya janye hannunsa. A 1925 ya kafa kwamiti, masu kishin Daular Ingila suka yi ca a kansa, ya rushe kwamitin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake kafa wani, na haɗin gwiwar majalisun biyu, wanda ya karɓi zane fiye da 2,000. A 1946 kwamitin ya ba da shawarar a riƙe Jar Tuta, a maye gurbin tambarin da ganyen meful mai ruwan zinariya. Majalisar dokokin Kwibek ta riga ta nemi kada a sa wata alamar ƙasar waje a tutar, don haka King ya ga cewa kai rahoton gaban majalisa zai raba jam'iyyarsa, sai ya bar shi ya kwanta. Kwibek ba ta jira ba. Ranar 21 ga Janairu, 1948, gwamnatin Maurice Duplessis ta ɗaga wa lardin tutarsa, shuɗiya mai farin gicciye da furanni huɗu irin na tsohuwar sarautar Faransa. Wannan mataki yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin kafin Kanada ta sami tutarta da shekara 17, mutanen Kwibek sun riga sun sami wadda zuciyarsu ta kwanta da ita.

3.0 Dalilan Lester Pearson

Abubuwa biyu ne aka fi dangantawa da tsayuwar Lester Pearson a kan wannan batu. Na farko ya faru a ƙasar Masar. A rikicin Suwez na 1956, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar, Pearson yana Ministan Harkokin Waje, kuma shi ya kawo shawarar kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1957. To amma da aka zo tura sojojin ƙasa na Kanada, sai Shugaba Gamal Abdul Nasir ya ƙi, bisa hujjar cewa kakinsu da sunan bataliyarsu, wadda ke ɗauke da sunan Sarauniya, da kuma tutarsu, duk sun yi kama da na mutanen da suka kawo wa Masar hari. Daga ƙarshe ma'aikatan sadarwa da sufuri da makamantansu Kanada ta tura. Ga mai shiga tsakani an ɗauke shi ɗan gidan mai laifi saboda rigar da ya sa.

Dalili na biyu na cikin gida ne, kuma ya fi nauyi. Daga 1960, ƙarƙashin gwamnatin Jean Lesage, Kwibek ta shiga wani zamani na farkawa: gwamnatin lardi ta karɓe ilimi daga hannun coci, ta mallake kamfanonin lantarki, matasa kuma suka fara tambayar dalilin da zai sa mai Faransanci ya zama ɗan kallo a kasuwancin birnin Mantiriyal. A 1963 wata ƙungiyar 'yan a-ware ta fara dasa bama-bamai. A shekarar ce Pearson ya hau mulki, ya kuma kafa hukumar bincike a kan zaman harsuna biyu da al'adu biyu a ƙasar. Ƙidayar 1961 ta nuna cewa daga cikin mutum miliyan 18 da 'yan kai, kimanin kashi 44 cikin ɗari ne 'yan asalin tsibiran Birtaniya, kashi 30 'yan asalin Faransa, sauran kuwa Jamusawa ne da 'yan Yukren da Italiyawa da 'yan asalin ƙasar na farko da sauransu. Ke nan fiye da rabin jama'a ba su da wata alaƙa ta jini da alamar da ke kusurwar tutarsu. A yaƙin neman zaɓen 1963 Pearson ya yi alkawarin samar da sabuwar tuta cikin shekara biyu, ko da yake gwamnatin da ya kafa ba ta da rinjaye a majalisa, sai da taimakon ƙananan jam'iyyu.

4.0 Yadda Muhawarar ta Gudana

Pearson bai fara kai maganar inda za a tafa masa ba. Ranar 17 ga Mayu, 1964, ya tsaya gaban babban taron 'yan mazan jiya a birnin Winifeg, mutanen da suka fi kowa riƙo da Jar Tuta, ya gaya musu cewa lokaci ya yi da za a sauya ta. Shi ma ɗan mazan jiya ne, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma hakan bai hana a yi masa ihu ba. Zanen da yake so a lokacin farin ƙyalle ne mai jajayen ganyen meful guda uku a reshe ɗaya, da shuɗin layi a kowane gefe domin nuna tekuna biyu da ƙasar ke tsakaninsu. 'Yan adawa suka raɗa masa suna "ƙyallen Pearson", domin su nuna cewa tutar mutum ɗaya ce da jam'iyyarsa.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan ganyen nan, don a kansa dabarar take. Meful itace ne da ake tatsar ruwansa a dafa ya yi kauri da zaƙi kamar zuma, ganyensa kuma yakan rine ya koma ja jawur kafin shigowar hunturu. Masu Faransanci sun ɗauke shi alama tun a shekarun 1830, lokacin da aka kafa ƙungiyarsu ta kishin al'umma mai sunan Waliyyi Yahaya Mai Baftisma. Masu Ingilishi su ma sun riƙe shi, har wani malamin makaranta, Alexander Muir, ya yi masa waƙa a 1867, wadda ta daɗe tana zaman kamar taken ƙasa a wurinsu, ko da yake waƙar tana yabon janar ɗin da ya ci Kwibek ne, shi ya sa ba ta taɓa shiga bakin masu Faransanci ba. A 1868 an sa ganyen a tambarin Ontariyo da na Kwibek duka. Bugu da ƙari, shi ne aka sassaƙa a kan duwatsun kaburburan sojojin Kanada da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Samun alamar da kowane ɓangare zai ce tasa ce tun asali abu ne mai wuya a ƙasar da ta rabu haka. Wani ƙorafi da aka yi shi ne na mutanen yamma, waɗanda suka ce wannan nau'in itacen na gabas ne, ba ya fitowa a filayensu.

An buɗe muhawara a Majalisar Wakilai ranar 15 ga Yuni. Jagoran adawa shi ne John Diefenbaker na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wanda ya yi Firayim Minista daga 1957 zuwa 1963, lauya mai kaifin baki daga lardin Saskacewan. Abin lura shi ne, ta wajen uba shi jinin Jamusawa ne, amma ba a sami wanda ya kai shi kare alamar Ingila ba. Hujjojin ɓangarensa ba na wasa ba ne, kuma rashin adalci ne a mayar da su taurin kan tsofaffi kawai. Sun ce tsarin majalisa da na shari'a da 'yancin ɗan ƙasa duk daga Ingila aka gaje su, tutar da ta share wannan ta share tarihi. Sun ce dubban mutane sun ba da rayukansu a ƙarƙashin tsohuwar alama. Sun ce ana yin wannan ne domin a lallashi Kwibek, kuma mai neman a-ware ba ƙyalle zai tsayar da shi ba. Daga ƙarshe suka ce abu irin wannan ba na 'yan majalisa ba ne su kaɗai, a kai shi gaban jama'a a yi ƙuri'ar raba-gardama.

Wannan buƙata ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, kuma ita ce gwamnati ta fi tsoro. Kanada ta taɓa gwada irin wannan ƙuri'a a 1942, a kan ko a ba gwamnati damar tilasta wa mutane shiga soja domin yaƙi a ƙasashen waje. Sauran larduna suka amince da kimanin kashi 80 cikin ɗari, Kwibek ta ƙi da fiye da kashi 70. Ƙuri'ar ba ta raba gardama ba, sai ma ta ƙidaya wa kowa girman ɓarakar da ke tsakani. Da an yi irinta a kan tuta a 1964, da wuya sakamakon ya bi wani layi ban da na harshe, kuma ko wace tuta ce ta ci, da ta fito da tabon cewa wani ɓangare ne ya ɗora wa wani. Duk da haka, ba za a ce Diefenbaker bai da gaskiya ba da ya ce an ƙi tambayar jama'a. Ƙasar Niyu Zilan, wadda ita ma ke da alamar Ingila a kusurwar tutarta, ta bi hanyar da ya nema a 2015 da 2016, jama'a kuma suka zaɓi riƙe tsohuwar tuta da kusan kashi 57 cikin ɗari.

Da aka ƙi ba su ƙuri'ar, sai 'yan adawa suka koma jan lokaci, wannan ya tashi ya yi jawabi, wancan ya karɓa, har damina ta wuce ayyukan majalisa na tsaye. Ranar 10 ga Satumba Pearson ya sassauta, ya yarda a miƙa batun ga kwamitin mutum 15: bakwai daga jam'iyyarsa ta Libaral, biyar daga masu ra'ayin riƙau, uku daga ƙananan jam'iyyu. Aka ba su mako shida. Diefenbaker ya ɗauki wannan a matsayin nasara, domin ya san yadda kwamitocin 1925 da 1946 suka ƙare.

Kwamitin ya duba zane fiye da 3,500 da jama'a suka aiko, fiye da 2,000 daga ciki suna ɗauke da ganyen meful. Aka tace su zuwa uku: ƙyallen Pearson, da wani mai ja da fari da ganye ɗaya, da kuma wani irinsa wanda aka ƙara wa tutar Ingila da furannin Faransa. Na biyun ya samo asali ne daga wata takarda da George Stanley, masanin tarihi kuma shugaban tsangaya a Kwalejin Soja ta Kingston, ya rubuta wa ɗan majalisa John Matheson a watan Maris na shekarar. Stanley ya ba da shawarar a guji duk wata alama ta ƙabila ko ta wata ƙasa wadda za ta raba kan jama'a, a kuma yi zanen da za a gane shi daga nesa. Tsarin ja, fari, ja ya ɗauko shi ne daga tutar kwalejin da yake koyarwa. Ranar 22 ga Oktoba, bayan an fitar da na ukun, aka zo zaɓe tsakanin biyun da suka rage. Masu ra'ayin riƙau sun tabbata cewa 'yan Libaral za su bi zaɓin maigidansu, don haka suka jefa wa mai ganye ɗaya domin a sami rabuwar kai. Ashe 'yan Libaral sun riga sun shirya barin ƙyallen Pearson. Da aka ƙidaya, sai ga shi kowa da kowa abu ɗaya ya zaɓa. Wanda ya haƙa ramin shi ya faɗa.

Ko da rahoton ya dawo majalisa, Diefenbaker bai saduda ba, aka koma gidan jiya. Gwamnati tana da ikon rufe muhawara da ƙarfin doka, amma tana ɗari-ɗari, domin amfani da wannan iko a muhawarar bututun gas ta 1956 yana cikin abubuwan da suka kayar da jam'iyyar a zaɓen 1957. Wanda ya warware mata shi ne Léon Balcer, babban na hannun daman Diefenbaker a Kwibek, wanda ya tashi a zauren majalisa ranar 9 ga Disamba ya nemi gwamnati ta rufe muhawarar. Da ƙarfe biyu da 'yan mintoci na daren 15 ga Disamba aka kaɗa ƙuri'a, 163 suka amince, 78 suka ƙi. Majalisar Dattawa ta bi sahu ranar 17 ga wata. Domin a rage wa waɗanda aka kayar zafi, majalisa ta kuma amince a ci gaba da ɗaga tutar Ingila a wasu lokuta, a matsayin alamar biyayya ga sarauta da zama cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Sarauniya Elizabeth ta sa hannu ranar 28 ga Janairu, 1965, aka ɗaga sabuwar tuta a harabar majalisa a Otawa ranar 15 ga Fabrairu. Kafin nan mai zane Jacques Saint-Cyr ya daidaita ganyen ya zama mai tsini 11. Balcer kuwa ya bar jam'iyyarsa a 1965.

5.0 Wa Tutar ta Sauya?

Idan aka auna tutar da manufar da aka fi ambata, wato kwantar da hankalin Kwibek, to sai a ce Diefenbaker ya hango daidai. 'Yan majalisar da suka fito daga lardin sun mara mata baya, amma masu kishin Kwibek ba su damu da ita ba, tunda suna da tasu tun 1948. Shekara biyu da ɗaga ta, a 1967, Shugaba de Gaulle na Faransa ya tsaya a Mantiriyal ya yi kirarin 'yancin Kwibek, taro ya ɗauka da sowa. A 1976 jam'iyyar masu neman ɓallewa ta ci zaɓen lardi. An yi ƙuri'ar raba-gardama a kan ɓallewar a 1980, aka ƙi da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Aka sake a 1995, aka ƙi da kashi 50.6 kacal, wato da ƙyar da jiɓin goshi ƙasar ta tsira. Abubuwan da suka taɓa rayuwar mai Faransanci kai tsaye dokokin harshe ne: dokar tarayya ta 1969 wadda ta daidaita matsayin Ingilishi da Faransanci a ayyukan gwamnati, da dokar Kwibek ta 1977 wadda ta ɗora Faransanci a kan makaranta da wurin aiki da allunan kasuwa. Masana harshe ba za su yi mamakin wannan ba, domin da harshe ake neman aiki, ake kuma tsayawa gaban alƙali.

A wajen masu Ingilishi ne abin mamakin ya faru. Kafin 1964 da yawansu suna ɗaukar kansu Ingilawa ne mazauna Arewacin Amurka, kuma da wannan suke bambanta kansu da maƙwabciyarsu Amurka. Cikin 'yan shekaru kaɗan, musamman bayan bikin cikar tarayya shekara 100 a 1967, 'ya'yan waɗanda suka yi wa Pearson ihu suka rungumi ganyen, suna ɗinka shi a jakunkunansu idan za su fita waje. Masanin tarihi José Igartua ya kira wannan sauyi juyin juya hali na biyu da aka yi ba hayaniya, yana kwatanta shi da na Kwibek. Wani masanin, C. P. Champion, ya ja da wannan fahimta, yana ganin cewa mutanen da suka kawo sabuwar tuta su kansu renon al'adar Ingila ne, launukan ja da fari kuma suna da tushe a tambarin da Sarki George na Biyar ya ba ƙasar a 1921. Kowanensu yana da abin kamawa, sai dai hujjar Igartua ta fi bayyana abin da ido ya gani: tutar da ba ta ambaci kakan kowa ba ta fi sauƙin ɗauka ga baƙin da suka riƙa kwararowa daga Asiya da Afirka da tsibiran Karibiyan bayan an sassauta dokokin shige da fice a shekarun 1960. A 1996, watanni kaɗan bayan girgizar 1995, gwamnatin Jean Chrétien ta mayar da 15 ga Fabrairu ranar tuta.

Akwai kuma waɗanda muhawarar ta tsallake gaba ɗaya. An yi ta maganar al'ummu biyu da suka kafa ƙasa, alhali ga mutanen da Turawan duka biyu suka tarar a wurin, waɗanda sai a 1960 aka ba da yawansu damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sharaɗi ba. A 2021 an sauke tutar zuwa rabin sanda a gine-ginen tarayya fiye da wata biyar, domin juyayin 'ya'yansu da suka mutu a makarantun kwana da aka tilasta musu shiga.

Jar Tuta ma ba ta ɓace ba, ta koma larduna ne. A 1965 Ontariyo ta ɗauke ta ta sa tambarinta a kai, Manitoba ta bi bayanta aka ɗaga tata a 1966, kuma su ne tutocin lardunan biyu har yanzu. Diefenbaker, wanda aka ga yana hawaye ranar da aka sauke ta a Otawa, ya rasu a 1979. Bisa wasiyyarsa aka lulluɓe akwatin gawarsa da tutocin biyu, Jar Tuta tana bisa mai ganye.